Kiwon tarantula ga sabon shiga: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Duk baƙon da ya shigo ɗakina ya ga akwatunan roba jere a kan kanta, sai ya tambayi abin da ke ciki. Da na ce gizo-gizo ne, wani ya ja da baya yana a'uziyya, wani kuma ya matso yana leƙe. Bahaushe ya san kiwon tattabara da zomo da aku da kanari, amma Gizo a tatsuniya muka san shi, mijin Ƙoƙi, ba a cikin akwati ana kai masa ruwa ba. Kiwon tarantula sha'awa ce da ta fi ƙarfi a Turai da Amurka, inda har ƙungiyoyi da kasuwannin baje koli suke da su. Tunda hotunanta sun fara yawo a wayoyinmu, tambayoyi sun yi yawa, shi ya sa na tattara waɗanda aka fi maimaitawa.

Wai mece ce tarantula, kuma me ya raba ta da gizo-gizon da ke saƙa a kusurwar ɗaki?

Dangi ne na manyan gizo-gizo masu gashi, masana suna kiransu Theraphosidae, kuma nau'o'insu sun haura 1,000. Ana samunsu a nahiyar Amurka da Afirka da Asiya da Ostireliya. Sunan ya samo asali daga Taranto, wani gari a kudancin Italiya, ko da yake gizon da mutanen garin suke tsoro wani dangi ne daban, Turawan da suka je wasu ƙasashe ne suka liƙa sunan ga duk wani ƙaton gizo mai gashi da suka gani.

Ba ta saƙa tarko a iska don kama ƙuda. Zarenta na shimfiɗa ne: ta lulluɓe bakin raminta da shi, ta kwanta ta jira. Idanunta takwas amma ganinta kaɗan ne, da motsin ƙasa da na iska take gane abin da ke kusa. Mafi girma a cikinsu, Theraphosa blondi ta dazuzzukan arewacin Kudancin Amurka, faɗin ƙafafunta na kusantar santimita 30.

Tana cizo? Dafinta yana kisa?

Tana cizo, kuma dukkansu suna da dafi. Babu tabbataccen rahoton mutumin da cizon tarantula ya kashe, amma wannan ba lasisin wasa ba ne, domin zafin ya danganta da inda nau'in ya fito. A nan ne bambancin da ya kamata sabon shiga ya haddace kafin komai.

Waɗanda suka fito daga nahiyar Amurka, yawancinsu dafinsu mai sauƙi ne, ana kwatanta shi da harbin zuma. Makaminsu na farko gashi ne. A bayan tulun cikinsu akwai wasu ƙananan gasu masu ƙaya, idan ta ji an takura mata sai ta sa ƙafafun baya ta karkaɗo su cikin iska. Wanda ya taɓa faɗawa cikin ƙarara a daji ya san irin ƙaiƙayin da nake nufi. A fata abin kwana biyu ne ko uku, amma idan ya shiga ido sai an dangana da likitan ido, don gashin yana nutsewa ne. Saboda haka kada ka kusantar da fuskarka ga buɗaɗɗen akwati, kuma ka wanke hannu bayan ka taɓa ƙasar ciki.

Na Afirka da Asiya da Ostireliya ba su da wannan gashin. Abin da suke da shi gudu ne kamar walƙiya, da saurin fushi, da dafin da kan jawo kumburi da ɗaurewar tsoka da zazzaɓi na kwanaki. A Ostireliya an samu karnukan da cizon tarantular can ya kashe, don haka mai kare ko kyanwa a gida ya lura.

To wace iri zan fara da ita?

Daga na nahiyar Amurka, masu zama a ƙasa, masu sanyin hali. Ka riƙe sunayen kimiyya, domin sunayen kasuwa suna rikita mutum, iri biyu ko uku kan raba suna guda.

Idan ni za a tambaya, Tliltocatl albopilosus ce ta farko. Daga Amurka ta Tsakiya take, wajen Nikaragwa da Kwasta Rika, gashinta a nannaɗe kamar wadda ta tashi daga barci ba ta taje ba. Tana ci da kyau, tana girma da ɗan sauri, tana jure kuskuren mai koyo, kuma ita ce mafi araha a yawancin wurare. Sai Brachypelma hamorii ta yammacin Meziko, mai jan gwiwa, wadda kusan ita ce hoton da ke zuwa wa mutum idan an ce tarantula. Kyakkyawa ce, sai dai wasunsu ba sa rowar watsa gashi. Grammostola pulchra baƙa ce wuluk mai sheƙi, natsattsiya, amma tsada gare ta kuma girmanta sai mai haƙuri. Grammostola pulchripes mai ratsin zinariya a gwiwa, daga yankin Chaco na Ajantina da Faragwai, ita ma ba ta da matsala. Aphonopelma chalcodes ta hamadar Arizona tana son bushewa.

Akwai wadda shagunan dabbobi suka daɗe suna tallatawa a matsayin ta 'yan koyo, wato Grammostola rosea ta ƙasar Cile. Ba ta da wuyar riƙo, amma tana da halin ƙin abinci wata da watanni babu dalili, abin da ke sa sabon shiga ya kasa barci. Ban hana ka ba, ka dai shiga da saninka.

Mu da muke Afirka ta Yamma, me zai hana in kama tamu ta gida?

Muna da su kuwa, kuma masu kiwo a Turai suna nemansu. Heteroscodra maculata, fara mai ɗigo-ɗigo, daga wajen Togo da Gana take. Stromatopelma calceatum tana zama a saman bishiyoyi, musamman kan kwakwar manja ta yankin kurmi. Hysterocrates gigas ta Kamaru tana haƙa rami mai zurfi a ƙasa mai laima. Matsalar ita ce biyun farko suna cikin waɗanda aka fi jin tsoron cizonsu a duk harkar, kuma kafin ka ƙifta ido sun haye hannunka sun kai wuya. Haka Pterinochilus murinus mai ruwan lemo ta gabashi da kudancin Afirka, da Poecilotheria na Indiya da Siri Lanka. Duk kyansu, ba na shekarar farko ba ne, ko ta biyu.

Ban da haka, wadda aka kamo a daji ba ka san shekarunta ba, tana iya zuwa da tsutsar ciki ko wata cuta, tana iya zama mace mai ɗauke da ƙwai ka wayi gari da ɗaruruwan 'ya'ya. Wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo ta fi kwanciyar hankali ta kowace fuska.

Jaririya zan saya ko babba? Mace ko namiji?

Matsakaiciya, wadda faɗin ƙafafunta ya kai santimita 4 zuwa 6. Jarirai suna da araha, amma wasu ba su wuce ƙwayar wake ba, suna bushewa da wuri, kuma nema musu abinci daidai bakinsu aiki ne. Babba kuma tsada.

Batun jinsi ba ƙarami ba ne. Macen Brachypelma ko Grammostola tana iya shekara 20 zuwa 30. Ka tsaya ka auna wannan: yaron da aka haifa ranar da ka sayo ta zai iya yin aure tana nan a akwatinta. Namiji kuwa da ya balaga kwanansa sun ƙare, shekara ɗaya ko biyu ya rage masa, ya daina damuwa da abinci, sai zagaye akwati yana neman mace. Ana gane balagaggen namiji da dogayen ƙafafu, da ƙaramin ciki, da kumburi kamar dunƙulen hannu a kan gajerun gaɓoɓi biyun da ke gefen bakinsa, yawancin nau'o'i kuma da ƙugiya a ƙarƙashin ƙafafun gaba. Idan mai sayarwa ya miƙo maka "babba" da araha mai ban mamaki, duba waɗannan alamu kafin ka zaro kuɗi.

Wane irin akwati take buƙata?

Ƙarami fiye da yadda kake zato. Faɗinsa ya kai kamar ninki uku na faɗin ƙafafunta, shi ke nan. A daji ma rayuwarta kusan duk a rami ɗaya take yi, fili mai yawa sai dai ya wahalar da ita wajen samun abinci. Robar ajiye abinci mai haske da murfi mai kamawa ta wadatar, ka huda ƙananan ramuka a gefe da gefe da kuma sama don iska ta ratsa. Ramin kada ya kai girman da kanta zai shiga, don inda kai ya wuce jiki zai bi.

Abin da ya fi faɗi muhimmanci shi ne tsayi. Tarantula mai zama a ƙasa tana da nauyi, kuma fatar cikinta siririya ce. Idan ta hau bango ta faɗo daga nisa, cikin ya fashe kamar ƙwai, kuma da wuya ta tashi. Don haka ka cika akwatin da ƙasa har tazarar da ke tsakanin ƙasar da murfi ba ta wuce faɗin ƙafafunta sau ɗaya da rabi ba. Ka guji murfin raga irin ta tagar sauro, ƙananan faratanta suna maƙalewa a ciki, ta yi ta lilo har ƙafa ta cire ko ta faɗo.

Ƙasar shimfiɗa: garin ɓawon kwakwa da ake sayarwa a dunƙule, ko ƙasar lambu wadda ka tabbata ba ta taɓa ganin taki ko feshi ba, ko haɗin biyun. Ban da tsakuwa, ban da yashi zalla, ban da garin katako. Sai maɓoya, rabin ƙaramar tukunyar ƙasa da aka kifa aka ɗan binne ya isa, in dai bakin fashewar ba shi da kaifi. Sai mazubin ruwa mara zurfi, murfin kwalba ga ƙarama, ɗan faranti ga babba. Kada ka sa soso ko auduga a ciki kamar yadda wasu shaguna ke cewa, ƙazanta kawai suke tarawa. Ba ta nutsewa. Za ta cika mazubin da ƙasa, ka wanke, gobe ta sake cikawa. Haka za ku yi ta yi, kuma ita za ta yi nasara.

Zafin ƙasarmu fa? Littattafan Turawa duk maganar ɗumama akwati suke yi.

Su sanyi ne matsalarsu, mu akasin haka. Yawancin waɗannan nau'o'i suna jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, watan Afrilu zafi kan haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya koma tanda. Ta hamada ma ba a fili take shan wannan zafin ba, tana can ƙarƙashin ƙasa inda ke da sanyi. A akwatin roba ba ta da wurin gudu. Ka ajiye ta a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ƙasa-ƙasa, nesa da taga, kada rana ta taɓa akwatin ko na minti goma. Ka zurfafa ƙasar don ta haƙa, ruwa kada ya yanke. In ka san ba ka da ɗakin da ke sauka ƙasa da digiri 32 a bazara, gaskiya ka haƙura da wannan kiwon har hali ya samu.

Da hunturu kuma bushewar iska ce abin lura. Kana iya tsiyaya ruwa a kusurwa ɗaya ta ƙasar ya jiƙe, sauran ya zauna a bushe, ita za ta zaɓi inda take so. Kada ka mai da akwatin fadama. Laima tare da rashin iska ta kashe tarantula fiye da ƙishirwa.

Akwai wani haɗari na cikin gida da ba a cika faɗa ba?

Biyu, kuma duka sun fi shafarmu. Na farko maganin sauro. Feshin gwangwani, da na kunnawa mai hayaƙi, da ota-fiya-fiya, da maganin kyankyaso, duk abin da aka yi don kashe ƙwaro zai kashe ta. Ɗakin da take ba a fesa shi, kuma dole kowa a gidan ya sani, domin ranar da ba ka nan ne wani zai yi maka gwaninta. Gidan sauro za ka koma. Haka wanda ya shafa wa kare ko kyanwa maganin ƙuma, ya wanke hannu sosai kafin ya taɓa kayanta.

Na biyu tururuwa da cinnaka. Ragowar abinci ke jawo su, kuma idan suka yi dafifi suna iya gamawa da ita a dare ɗaya, balle a ce ta yi saɓa jikinta da taushi. Ka riƙa kwashe ragowa, ka ɗora ƙafafun kantar a cikin 'yan kwanoni masu ruwa.

Me take ci, sau nawa?

Ƙwari masu rai: gyare, kyankyason kiwo, tsutsar dusa, fara. Girman abincin kada ya wuce girman tulun cikinta. Matsakaiciya sau ɗaya a mako, babba sau ɗaya a mako biyu. Ma'aunin shi ne cikin: idan ya yi girman gaban jikinta ko ya ɗan fi, lafiya lau; idan ya yi tulele yana sheƙi, ka dakata; idan ya yamushe, ruwa take nema kafin abinci.

Na san abin da za ka ce, ga fara nan a gona, ga kyankyaso a bayan gida kyauta. Farar gona ta ci ganyen da aka yi wa feshi, kyankyason gida kuma ya bi ta kan magani. Gara ka ware wata roba ka kiwata naka, da dusa da ɓawon kayan lambu, cikin 'yan watanni za su fi ƙarfin bukatarka. Ɓera da ƙadangare da ake nunawa a bidiyo neman 'yan kallo ne, ba ta bukatarsu, kuma suna iya ji mata rauni. Duk abin da ba ta ci ba cikin kwana ɗaya ka cire shi da dogon hantsaki.

Ta yi wata biyu ba ta ci komai ba, ta toshe bakin raminta. Ta kamu da ciwo ne?

Mafi yawan lokuta saɓa ce ke tafe. Ƙashinta a waje yake, don haka ba ta girma sai ta tuɓe tsohuwar fata, kamar yadda maciji ke yi, sai dai nata ya fi wuya, don har fiƙoƙi da rufin huhu da na maƙogwaro take sauyawa. Ƙanana suna yi duk bayan 'yan makonni, manya kamar sau ɗaya a shekara ko ƙasa da haka. Alamominta: ƙin abinci, kasala, launi ya dushe, wurin da gashi ya zube a bayan ciki ya koma baƙi mai sheƙi. Idan ta rufe ƙofa, cewa take a ƙyale ta. Kada ka tona ramin don ka duba. Ka cika mazubin ruwa ka tafi harkarka.

A nan mafi yawan sababbi suke yin ɓarna, kuma ba da mugunta ba. Mutum ya saba da kaza da akuya, dabbar da in ta ƙi ci yau gobe sai a nemo magani. Sai ya yi ta buɗe akwati, yana tura mata gyare, yana sauya ƙasa, yana fesa ruwa, yana matsar da ita ɗaki zuwa ɗaki. A ganina yawan hidima ya kashe tarantula fiye da sakaci.

Na same ta kwance a rigingine, ƙafafu sama! Ta mutu?

Kada ka taɓa ta. Kada ka juya ta, kada ka hura mata iska, kada ka yayyafa mata ruwa. Haka suke saɓa, a rigingine, a kan tabarmar zaren da suka shimfiɗa. Babba tana iya ɗaukar sa'o'i da yawa, wani lokaci kusan yini. Ranar da na fara ganin haka na riga na ɗauko leda zan zubar da ita, Allah ya sa na ga ƙafa ɗaya ta motsa. Da asuba na tarar da gizo biyu a akwati, ɗaya fanko.

Mai mutuwa ba ta kwanciya haka. Tana zama a kan cikinta ne, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin jiki kamar an dunƙule hannu, domin da matsin ruwan jiki take miƙe ƙafafu, idan ruwan ya yi ƙasa sai su lanƙwashe. In ka ga haka, ka kusantar da bakinta ga ruwa a hankali, wani lokaci ƙishirwa ce kawai kuma takan farfaɗo.

Bayan saɓa jikinta kamar dafaffen ƙwai yake, fiƙoƙin farare. Kada ka ba ta abinci sai sun koma baƙi: kamar mako guda ga matsakaiciya, mako biyu ga babba. Gyaren da aka manta a akwati yana iya cin ta da ranta a wannan lokaci. Tsohuwar fatar kuma kada ka yar, da ita ake tantance jinsi: a jiƙa ta da ruwan sabulu, a buɗe ɓangaren ciki, a duba tsakanin huhun gaba guda biyu. Mace tana da wani ɗan leɓe a wurin, namiji babu. Idan ta taɓa rasa ƙafa, a saɓa take fito da sabuwa, siririya da farko, ta cika bayan saɓa ɗaya ko biyu.

Zan iya ɗaukarta a hannu? Za ta saba da ni?

Ba za ta saba ba. Ba ta san ka ba, ba za ta taɓa sanin ka ba, hannunka a wurinta ƙasa ce mai ɗumi da ke motsi. Ɗaukar ba ta ƙara mata komai, haɗarin kuma nata ne: ta firgita, ka firgita, ka yarfe hannu, ta faɗi a siminti. Wanda yake son dabbar da za ta tarye shi a ƙofa ya nemi kyanwa. Wannan kamar kifin cikin gilashi take, ta kallo ce. Idan sauya akwati ya kama, ka kifa mata kofin roba, ka zura kwali ta ƙasa, ko ka taɓa ƙafar bayanta da burushi mai laushi ta shiga da kanta. Ka yi aikin a ƙasa, ƙofa a rufe, yara a waje.

In haɗa biyu a akwati ɗaya don kada kaɗaici ya dame ta?

Za ka wayi gari da ɗaya, mai ƙiba.

Doka ta yarda? Ta yaya ake samunta?

Ya danganta da ƙasar da kake da kuma nau'in. Dukkan Brachypelma, har da waɗanda aka raba aka sa wa suna Tliltocatl, suna cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai, saboda yadda aka riƙa kwasarsu daga dazuzzukan Meziko. An ƙara Poecilotheria a 2019. Ma'anarsa, ketare iyaka da su sai da takardar izini. Najeriya da Nijar da Gana duk suna cikin yarjejeniyar, kuma a Najeriya shigo da dabba mai rai yana bi ta hannun hukumar killace dabbobi da tsirrai ta NAQS. Wanda ya ce zai aiko maka a ɓoye cikin kwalin takalmi, kai zai jefa a matsala, dabbar kuma galibi a mace take isowa. Idan kana Ingila ko Jamus ko Amurka, masu ƙyanƙyasa suna da yawa. Ka tambayi sunan kimiyya, da ranar saɓarta ta ƙarshe, da abin da take ci. Mai kiwon gaske zai amsa ba tare da ya duba ko'ina ba.

Idan zan yi tafiya fa, wa zai kula da ita?

Tafiyar mako biyu ko uku, babba ba ta bukatar kowa. Ka cire duk wani ƙwaro mai rai, ka cika mazubin ruwa, in bazara ce ka ƙara na biyu, ka tabbata murfi ya kama. In tafiyar ta fi haka, ka nemi mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙa zuba ruwa duk mako ta ramin murfi da sirinji, ba sai ya buɗe ba. Ka rubuta a takarda da manyan baƙaƙe ka manna a ƙofar ɗakin cewa ba a fesa maganin sauro a nan, kuma in an gan ta a rigingine a bar ta.